Abin da Ke Bayan Katin Baiji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulganiyu, wanda ya yarda ya zauna mana a wannan kujera duk da ciwon gwiwar da ke damunsa, wakilan iyayenmu hakiman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, malamanmu limamai, dagatai da masu unguwanni, arɗoɗi da sarakunan noma da shugabannin maharba, ma'aikatan lafiyar dabbobi, abokan aikin ɗana, iyayenmu mata da ke zaune ƙarƙashin rumfar gabas, mutanen Ƙetare da na Sheme da na Ruwan Godiya, waɗanda suka bar masara a gona tana jiran karya suka zo, jama'a maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Yahuza, mutumin Faskari, wanda ake ce wa Dakta saboda digirin karatu, ba na magani ba. Ni ne mahaifin marigayi likitan dabbobin da ya kafa Turken Amana, wannan gida da ake riƙon dabbobin da suka rasa masu su, wanda muka taru yau domin buɗe sabon mazauninsa. Sunan marigayin yana rubuce a allon da ke bayana. Ɗan fari ne a wurina, kuma kun san yadda aka rene mu: uba ba ya kama sunan ɗansa na fari. Saboda haka zan riƙa ce masa Likita, kamar yadda kuke ce masa.

An ba ni minti ashirin. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da harshen Hausa a kwaleji, ban taɓa fita aji kafin a kaɗa ƙararrawa ba, ban kuma taɓa wuce ta ba. Zan yi ƙoƙari in riƙe wannan shaida.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga magina da kafintocin da suka yi aikin nan da hannuwansu, da matan da suka ɗebo ruwan kwaɓi, da makiyayan da suka kawo harawa tun ba a gama rufin ba. Ina godiya ta musamman ga Malam Gide, dattijon da ya ba da bayan gidansa shekara huɗu, ya zauna da kukan jaki da haushin kare da ƙorafin maƙwabta, bai taɓa cewa ya gaji ba. Akwai mutum guda da na jinkirta godiyarsa, maƙwabcina Alhaji Lawwali. Ga shi can yana gyara hula. Ya san dalili, kuma ya ba ni izinin in faɗa.

Maganata uku ce: gida, da kare, da kalma guda.

Na fara da gidan. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da ake nufi idan aka ce ƙauye ya tashi. Mutum yana ɗaukar 'ya'yansa, yana ɗaukar abin da kai zai iya ɗauka, yana juya wa sauran baya. Jaki ya saura a turke, akuya ta saura a garke, kare ya saura a ƙofar gidan da babu kowa a ciki. Likita yana yawon aikinsa yana ganin wannan, sai ya fara kwaso su ɗaya bayan ɗaya, ya kai su bayan gidan Malam Gide a nan Ƙanƙara, ƙarƙashin fallen kwano uku. Kowace dabba ya kawo sai ya rubuta mata kati: inda aka same ta, da ranar, da alamar jikinta, da ciwonta, da halinta. Idan mai ita ya zo ya faɗi alama, ya kwance abarsa ya tafi, ba a neman komai a wurinsa sai addu'a. Malam Gide ya ba ni labarin wata tsohuwa daga wajen Sabuwa da ta zo neman jakinta, ruɗewa ta hana ta tuna alamarsa. Tana tsaye sai tari ya sarƙe ta. Jakin ya ɗago kai daga can ƙarshen rumfa, ya ja igiya har ya tumɓuke turken. Likita ya ce, "Iya, shi ke nan, ya ba da shaidarki."

Duk wannan labari ji na yi. Ban gani ba. Ina faɗa a gaban jama'a, domin gaskiya ce: ban taɓa taka ƙafata a wurin ba yana raye. Na so ya karanta likitancin mutane, kuma sakamakonsa ya kai, ya ma wuce. Shi kuwa ya zaɓi dabbobi. Na yi masa magana a matsayin uba, na yi masa a matsayin malami, na kawo hujja, na kawo misali. Kullum maganar tana ƙarewa a wuri guda. In ce masa, "Kai dai ba ka ji." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina ji, Baba." Gari ya waye ya hau babur ɗinsa ya tafi wurin jakuna.

Ranar Laraba ce, cikin damina, shekara biyu da suka wuce. Yana dawowa daga yi wa shanu allurar rigakafi a Ruwan Godiya, babur ɗinsa ya haɗu da mota kusa da Sheme. Bayan La'asar aka sallace shi. Shekarunsa talatin ba ɗaya. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Sai karen. Ga shi can kwance a gindin darbejiya, farin nan mai jan tabo a ido guda. Ba sai kun rage murya saboda shi ba.

Mako uku kafin rasuwarsa Likita ya tsinto shi a wani ƙauye da ya tashi a wajen Sabuwa, ɗaure a gindin ɗorawa, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ya yi jinyarsa, ya rubuta masa kati, amma bai samu ya lanƙaya katin ba. Bayan an share makoki Malam Gide ya tarar da katin a kan tebur, ya ɗauki guduma da ƙusa huɗu ya buga shi a ƙyauren ɗakin karen, kusurwa-kusurwa, don kada iska ta ɗauke rubutun marigayi. Ga abin da katin ya ce: "Namiji. Kimanin shekara biyu. An yi masa rigakafin hauka. Ba ya ji."

Jama'a, idan aka ce muku wane ba ya ji, me kuke fahimta? Abin da kowa ya fahimta ke nan. Wani maharbi daga Ƙetare ya karɓe shi, ya kai shi daji, ya yi fito har leɓensa ya bushe, kare bai waiwayo ba. Kwana huɗu ya dawo da shi, ya ce, "Likita bai yi ƙarya ba, wanga kare bai ji." Wani manomi ya karɓe shi don gadin gona, shi ma ya dawo da shi, da sawun sanda a gadon bayansa. Daga nan sunan ya bi shi, kowa Baiji, Baiji.

Wata huɗu bayan rasuwar na je Ƙanƙara in kwaso littattafan Likita. Ranar ce ta farko da na ga wurin. Ina bin ɗakunan ina karanta katunan, ba don dabbobin ba, don rubutun hannun. Da na iso ƙyaure na ƙarshe na ga kalmomin nan uku, da hannun ɗana, kalmomin da na shekara goma ina jifansa da su. Sannan na ce wa Malam Gide, "Kwance mini shi."

Ya ce, "Dakta, karen da ya gagari maharbi? Kai da alli za ka iya da shi?"

Na ce, "Malam Gide, shekara talatin ina fama da 'yan aji ɗaya."

Ya ce, "Su ai suna tsoron jarrabawa."

Da na ce muku tausayi ne ya sa na ɗauke shi, da na ƙawata labarin. Abin da ke raina shi ne: na kasa sa ɗaya ya ji, ba zan kasa da na biyu ba.

A gida, mai ɗakina Hajiya Hajaratu ta gindaya sharaɗi: ba zai shiga ɗaki ba, ba zai kusanci randa ba, kwanonsa daban, makwancinsa wurin awaki. Na amince. Na buɗe aji. Kowace safiya in tsaya a tsakar gida in ce, "Zo!" In ce, "Zauna!" Na yi da Hausa, na yi da Turanci, na yi har da ɗan Fillancin da na tsinta a kasuwar Sheme. Idan yana fuskantata sai ya kafe ni da ido, yana kallon fuskata, yana kallon hannuwana, ba ya ko ƙiftawa. Na ɗauka raini ne. Idan ya juya baya kuwa, ko da na tsage maƙogwaro, kamar da bango nake. Sau ɗaya na ɗauki tsumagiya na zuba masa. Sau ɗaya ne, amma an yi, kuma ina neman gafarar Allah a kansa.

A wata na uku abin ya faru. Karen yana barci a inuwar ƙofar gida da hantsi. Alhaji Lawwali ya fito cikin sabuwar babbar riga za shi suna. Ya daka masa tsawa, bai motsa ba. Ya sake, bai motsa ba. Sai ya zungure shi da ƙafa ta baya. Kare ya zabura ya cafki gefen riga, ya keta ta tun daga gwiwa har ƙasa. Haƙori bai taɓa fata ba, amma Alhaji bai je sunan ba. Gidan Mai unguwa ya wuce, aka aiko aka kira ni, aka kira liman ɗin unguwarmu.

Ina so in yi masa adalci, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce jikokinsa ta wannan ƙofa suke wucewa. Ya ce karen da ake kira bai waiwaya, kuma yake cafkar mutum ba gaira ba dalili, farkon hauka ke nan, ko mi takarda ta ce. Sannan ya juya wurin Malam Liman ya ce, "Allah gafarta Malam, an yarda a ajiye kare don gadi, ko kiwo, ko farauta. Maharbi ya maido shi, manomi ya maido shi. To wanga na mi ne? Na ado?"

Mai unguwa ya yanke magana. Ya ba ni Juma'a biyu. Ko in nuna a gaban jama'a cewa karen yana bin umarni kuma yana da aikin yi, ko maharba su fita da shi bayan gari. Kun san karen da aka fitar bayan gari ba ya dawowa. Na tambayi Malam Gide ko zai koma wurinsa, ya ce labari ya riga ni isa, maƙwabtansa sun rantse ba za su zauna da kare mai cizo ba. Kwana goma sha huɗu suka rage wa dabba ta ƙarshe da ɗana ya ɗauko da hannunsa.

Na ƙara lokacin darasi, na ƙara murya. Kwana biyar suka tafi a banza.

A rana ta shida ina shan shayi a tsakar gida, karen yana cin abinci ya ba mu baya. Hajiya ta fito da babban faranti, ya suɓuce mata ya faɗi. Kaji suka tashi sama, awaki suka ja igiya, ni kaina na zubar da shayi a cinya. Kare bai ko kaɗa kunne ba. Hajiya ta tsaya tana kallonsa. Ta ɗauki farantin da babban cokali, ta matsa daf da bayansa, ta buga har maƙwabta suka leƙo. Yana ta cin abincinsa. Sai ta zagaya ta gabansa. Yana ganinta ya ɗago yana kaɗa wutsiya.

Ta juyo ta ce, "Malam, shekara nawa ka ce ka yi kana koyar da Hausa?"

Na ce, "Talatin da ɗaya."

Ta ce, "To karen nan kurma ne. Abin da yaron nan ya rubuta ke nan."

Ga kalmar, jama'a, maganata ta uku, ta shigo tun ban gama ta biyu ba. Akwai tsofaffin ɗalibaina a wannan rumfa, za su shaida. Kowace shekara ina da darasi guda da nake alfahari da shi, darasi a kan kalmar "ji". In rubuta ta a tsakiyar allo, in ce: harafi biyu ne, amma Bahaushe ya ɗora mata kaya. Da ita yake jin kira, da ita yake jin ƙamshi. Da ita yake jin zafi, da ita yake jin yunwa. Da ita yake jin Hausa, da ita yake jin maganar na gaba, da ita yake jin tausayi. Sannan in gargaɗe su, in ce: duk inda kuka gan ta, ku tsaya ku tambaya wace ake nufi, kada ku ɗauki wadda ta fi kusa da zuciyarku. Ni mai wannan gargaɗi, da na gan ta da hannun ɗana, ban tsaya ba, ban tambaya ba. Na ɗauki wadda bakina ya saba da ita. Maharbi yana da uzuri, manomi yana da uzuri, Malam Gide yana da uzuri. Ni ba ni da shi.

A ranar na shiga mota zuwa Ƙanƙara. Ba wani abu nake nema ba, so nake kawai in ɗauko katin in ajiye a wurina. Malam Gide ya kawo filaya, muka zare ƙusoshin nan huɗu, katin ya faɗo a kife. Ashe akwai rubutu a baya. Layi biyu ne: "A riƙa bi ta gabansa. A buga ƙasa da ƙafa kafin a taɓa shi." Ƙarƙashinsu kuma zanen hannu guda huɗu, da biro. Hannu yana dafa ƙirji: zo. Yatsa yana nuna ƙasa: zauna. Babban yatsa a sama: madalla. Na huɗu kuwa tafin hannu ne a buɗe, a ɗage daidai kafaɗa, yatsun a haɗe. Ya rubuta: "Tsaya. Hannun Baba, idan zai yi magana."

Hannuna ne. Haka nake tsayar da aji, haka nake tsayar da gidana, haka na tsayar da shi sau da yawa yana tsakiyar bayani. Ban san yana kallo ba. Ban san ya riƙe ba. Ban san da ya nemi alamar da ta fi kowace ƙarfi a duniya, wadda za ta tsayar da dabba a guje, wannan ya ɗauko ba.

Malam Gide ya ce, "Dakta, ni na buga ƙusoshin nan." Na ce masa ya buga su ne don ya kiyaye amana, kuma ya kiyaye. Akwai wani bokiti a kife a wurin. Na zauna a kansa na ɗan lokaci.

Da na koma Faskari na zagaya ta gaban karen, na tsaya, na ɗaga tafin hannuna. Yana tafe ne, sai ya ƙame. Na nuna ƙasa, ya zauna. Na dafa ƙirji, ya taho a guje har yana tuntuɓe. Wata bakwai ke nan ana yi masa ihu ana dukansa, yana kallon hannuwan mutane, yana jiran wanda zai yi masa magana. Kallon da na kira raini, sauraro ne.

Kwana takwas muka yi muna bita, ni da Hajiya. Ta fi ni iyawa, kuma ta tabbatar na san haka.

Ranar Juma'a ta biyu, da aka sauko daga masallaci, unguwa ta taru a ƙofar gidana. Mai unguwa a kan tabarma, Malam Liman a damansa, maharba biyu a tsaye sun jingina bindigoginsu da katanga. Na fito da karen ba igiya. Ban buɗe baki ba. Na dafa ƙirji, ya zo. Na nuna ƙasa, ya zauna. Na sake shi ya tafi, da ya waiwayo na ɗaga hannu, ya tsaya cak. Jama'a suka fara kabbara.

Alhaji Lawwali ya ce, "Ku dakata. Wannan ai wasan biri ne na ranar kasuwa. Gadi fa? Ɓarawo ta gaba zai zo ya ɗaga mashi hannu?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ban shirya mata ba. Malam Liman ya ce to a gwada: wani ya zagaya ta bayan gida, ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya taɓa igiyar akuya. Alhaji ya ce, "Ni da kaina, don kada a ce an haɗa baki."

Ku ba ni hankalinku a nan. Alhaji ya tuɓe takalmansa. Ya tattare babbar riga ya saɓa. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya harari jama'a su yi shiru. Sannan ya tafi yana sanɗa a kan yatsun ƙafa, a hankali, a hankali, don kada kurma ya ji sawunsa. Abin da ya manta shi ne ranar Juma'a ce, kuma duk wanda ya taɓa yin salla a Faskari ya san turaren Alhaji Lawwali tun daga sahu na uku.

Karen yana kwance ya ba gidan baya. Na ga hancinsa ya ɗaga. Na ga ya miƙe. Kafin in yi motsi ya ratsa zaure kamar an harba shi. Sai haushi, irin haushin wanda bai taɓa jin muryar kansa ba balle ya san inda ake tsayawa. Sai muryar Alhaji a samansa: "Dakta! Dakta! Hannun! Kawo hannun nan!"

Kuna dariya, kuma ni ma yanzu ina yi. A lokacin ban yi ba. Na san idan haƙorin nan ya taɓa shi, magana ta ƙare, kuma ba ni da muryar da za ta kai. Dole sai ya gan ni. Shekarata sittin da bakwai, rabona da gudu tun ina makarantar horon malamai, amma na yi gudu. Na tarar da Alhaji manne da katanga, karen ya tsaya tsakaninsa da awaki, gashin wuyansa a tashe, bai fi taku biyu tsakaninsu ba. Na zagaya, na shiga inda idonsa zai kama ni, na ɗaga tafin hannuna daidai kafaɗa, yatsun a haɗe, kamar yadda aka zana.

Karen ya daina haushi. Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya sake dubana. Ya zauna.

Jama'a sun cika tsakar gidan. Malam Liman ya ratso a hankali, ya dubi kare, ya dubi Alhaji da ƙafafunsa ba takalmi, ya ce, "Alhaji, ka ce bai ji. To ga shi ya ji ka tun kana bayan katanga." Mai unguwa ya ce a shaida, karen gadi ne, kuma daga yau duk mai wucewa ya bi ta gabansa. Maharba suka saɓa bindigoginsu suka tafi gida. Alhaji ya ce a miƙo masa takalmansa, ya ce, "Ashe sanɗar banza na yi."

Bayan mako guda ya yi sallama a zaurena ya ce yana son ganin katin. Ya karanta gaba, ya juya ya karanta baya, ya daɗe a kan zane na huɗu. Ya ce, "Dakta, ina da fili a Ƙanƙara na gadon mahaifina, ban san abin da nake ajiye shi dominsa ba." Jama'a, a kan filin nan kuke zaune. Ga godiyar da na jinkirta: Alhaji Lawwali, ka kai ƙara da gaskiya, ka faɗi da gaskiya, ka tashi da abin da ya fi nasara. Allah Ya saka maka da gidan Aljanna.

Saboda haka yau ba ranar makoki ba ce. Ku dubi rumfunan nan, ku dubi rijiya, ku dubi ɗakin magani. Abin da aka fara da fallen kwano uku ya zama gidan da ƙananan hukumomi uku suka taru a ƙofarsa. Abin da aka ce zai mutu da mai shi bai mutu ba. Karen da aka maido sau biyu, aka yanke wa wa'adi, shekara guda da rabi ke nan yana tsaron awakina da na maƙwabtana, ko ɗan akuya bai ɓata ba.

Ina da roƙo. Ga 'yan'uwanmu da aka raba da ƙauyukansu: abin da kuka bari a turke ba lallai ya salwanta ba, ku zo ku duba, ku faɗa wa na nesa su zo su duba. Ga masu hali: akwai jakuna da awaki da karnuka a nan da masu su ba za su dawo ba, ku karɓa ku riƙe, har da gurgu, har da mai ido ɗaya. Idan kun zagaya za ku ga an daina buga kati da ƙusa, da zare ake rataye shi, don a karanta gaba a karanta baya. Ga 'yan'uwana malamai da iyaye kuwa, roƙona ya fi nauyi. Kafin ka ce wa na ƙasa da kai ba ya ji, ka tsaya ka tambaya. Wataƙila kunnen ne, kuma asibiti yake buƙata ba tsumagiya ba. Wataƙila kuma ya ji sarai, ya ji abin da kai ba ka ji ba.

Saura minti biyu, kuma saura abu guda. Na ce muku ɗan fari ne. Tun ranar da liman ya raɗa masa suna ban sake furta shi ba, ba a gida ba, ba a waje ba. Iyayena da suka koya mini wannan kunya za su yafe mini sau ɗaya. Ina so ku zama shaidu, ku na Ƙanƙara da ku na Faskari da ku na Sabuwa. Shekara goma ina cewa ba ya ji, yana cewa yana ji. Shi ne mai gaskiya. Ya ji kukan jaki a ƙauyen da babu kowa, ya ji yunwar kare a gindin ɗorawa, ya ji ubansa har ya zana hannunsa. Salahuddeen ya ji. Ni ne ban ji ba. Yanzu na ji.

Ya Allah, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya kowane kwanon ruwa da za a ajiye wa dabba a gidan nan cikin mizaninsa. Ka ba mahaifiyarsa haƙuri. Ka jiƙan dukkan waɗanda muka rasa a hanyoyin nan da dazukan nan. Ka mayar da kowane ƙauye da ya tashi mazauninsa, mutane da dabbobinsu, har a wayi gari rumfunan nan sun zama babu kowa. Ka sa albarka a amfanin da ke gona, Ka ba shugabanninmu ikon adalci, Ka mayar da kowa gidansa lafiya.

Mai girma shugaba, ƙararrawa ba ta kama ni ba. Ina ganin wancan na gindin darbejiya ya ɗago yana kallon hannuna. Ya san idan na naɗe takarda, tafiya ta zo. Ku ɗan buɗe masa hanya, ta gabansa.

Na gode da kuka ji ni. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.